Hattara da mai injin ozon da ke cewa yana warkar da asma

Jama'ar Sakkwato, musamman masu yaran da ke fama da fuka, don Allah ku yaɗa wannan.

Wani mutum ya kama shago a wajen Mabera, ya sa farar riga irin ta likitoci, yana tallar inji mai fitar da iskar ozon. Wai zama goma ya isa ya wanke huhu, a rabu da asma har abada. Da shigowar hunturu ya buɗe, daidai lokacin da ƙura ke tayar wa mutane da ciwon. Ya san abin da yake yi.

Yayata ta kai ɗanta mai shekara 9. Ya karɓi kuɗin zama biyar a dunƙule, ba rasit, ya ce a ajiye abin shaƙar nan mai ruwan shuɗi, Ventolin, wai shi ke hana warkewa. Ɗakin kuwa wari yake kamar an zubar da Hypo. A zama na biyu yaron ya fara tari, idonsa na ruwa, mutumin ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, dattin ne ke fita." Cikin dare ƙirjinsa na ta kuka, ko "Inna" ba ya iya ƙarasawa. A Keke Napep muka kai shi Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo, aka sa masa iskar numfashi.

Ozon ba iskar oksijin da ake sa wa marar lafiya a asibiti ba ce, duk da kamar da sunayen ke yi. Ƙwayar oksijin uku ce a haɗe maimakon biyu, kuma idan aka shaƙe ta, kumbura hanyoyin numfashi take yi ta matse su, wato aikin da asma ke yi ke nan. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta rubuta a dokokinta cewa iska ce mai guba wadda ba a san tana da wani amfani na magani ba. Asma kuma lallaɓa ta ake yi da magani, har yau ba a samo abin da ke cire ta ba.

Na koma wajen mutumin na tambaye shi lasisinsa na hukumar likitoci ta MDCN da lambar NAFDAC ta injin. Ya ce takardun suna Abuja. Kuɗin zama ukun da suka rage ma har yanzu "gobe" yake cewa. Jiya na wuce ta wurin, mata biyu na zaune kan benci da yaransu suna jiran layi.