Monument Valley: gajere ne, amma ban ji an cuce ni ba

Na daɗe ina jin ana yabon wasan waya mai suna Monument Valley kafin in sauke shi a wayata. Kamfanin ustwo na Landan ne ya fitar da shi a 2014, a shekarar Apple ya ba shi lambar yabo kan tsarin zanensa, a 2015 kuma ya ci kyautar BAFTA, hukumar karrama fina-finai da wasanni ta Birtaniya, a matsayin wasan Birtaniya mafi kyau. Kan kyawunsa bakin masu sharhi ya zo ɗaya. Ƙorafinsu gajarta ce: matakai 10 kacal. Ba su yi ƙarya ba, ni ma a zama biyu na gama.

Wata 'yar gimbiya ce, Ida, da fararen kaya da hula mai tsini, ba ta cewa uffan. Aikinka ka nema mata hanya cikin gine-gine masu yaudarar ido. Ga matattakala biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, babu abin da ya haɗa su. Ka sa yatsa ka murɗa ginin sannu a hankali, kowace murɗa da ɗan sautinta kamar ana taɓa tsirkiya, sai bakinsu ya haɗu a idonka, Ida ta taka ta wuce abinta. Ranar farko sai da na mayar da ginin baya na sake, don ban yarda da idona ba.

Inda ya kama zuciyata mataki na shida ne. Nan Ida ke samun aboki, wani dogon gunki rawaya mai ido ɗaya da ake kira Totem, yana ɗaga ta zuwa inda ƙafarta ba ta kaiwa. Da ta kama hanya a kan teku, sai ya biyo ta cikin ruwa har ruwan ya shanye kansa. Na ajiye wayar na yi shiru, wallahi.

Ni nawa ƙorafin daban ne: ya cika sauƙi. Da wuya ka maƙale minti biyar a wuri guda, mai son wasa ƙwaƙwalwa sosai ba zai ƙoshi ba.

Da aka ƙaro matakai 8 da sunan Forgotten Shores aka ce a biya, wasu suka huce haushi da ba wasan tauraro ɗaya, makin da ya fi ƙanƙanta. Wannan kam ban ga adalcinsa ba. Na biya, kuma a can ne na tarar da wahalar da nake nema.