Goge fentin mota a Abuja: abin dubawa kafin a zaɓi aiki

Mai mota a Abuja da ya ga fentinta ya dushe yakan ji shawarwari iri-iri da zarar ya fara tambaya. Wani zai ce a shafa mata wakis, wani ya ce bofin take buƙata, wato gogewa da injin folish, wani ya kawo maganar siramik, wani kuma ya ce a rufe ta da ledar kare fenti ko a sake mata fenti baki ɗaya. Tazarar kuɗin da ke tsakanin waɗannan ayyuka tana da faɗi ƙwarai, kuma ba matsala ɗaya suke magancewa ba, saboda haka wanda bai san bambancinsu ba yana iya kashe kuɗi mai yawa a kan abin da motarsa ba ta buƙata, ko kuma ya biya kaɗan a cinye masa abin da ba a mayar da shi sai an sake fesa fenti.

Wannan abu shi ne kiliya. Fentin motocin zamani hawa-hawa ne: faraima a ƙasa, sai launi, sai kiliya, wato wani fenti garau marar launi a sama, wanda shi ne ke ba da sheƙi, shi ne kuma ke kare launin daga cin rana. Kaurin duka fentin da kamfani ya fesa yakan kama daga maikron 100 zuwa 150 (maikron dubu ne ke yin milimita ɗaya), kiliyar kuwa ba ta cika wuce maikron 35 zuwa 50 ba, wato sau da yawa ba ta kai kaurin silin gashin kai ba. Injin folish yana kawar da karce ne ta hanyar cinye kiliyar da ke kewaye da shi har ta sauko daidai da zurfinsa, don haka kowane bofin ragi ne. Ra'ayina a kan wannan a fili yake: aikin da ya fi dacewa da kowace mota shi ne mafi sauƙi daga cikin waɗanda za su iya magance matsalarta, kuma mai sana'ar da ya fara da mafi kaushin maganin folish tun kafin ya gwada mai laushi ba mai tausayin motar ba ne.

Yawancin karcen da ke kan motocinmu daga wanki yake zuwa. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris ƙurar hunturu tana kwana a kan mota, kuma a cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin yashi da suka fi fenti tauri. Idan direba ko maigadi ya ɗauki busasshen tsumma da sassafe ya share bonet, ya goge fentin da samfefa ke nan ba tare da ya sani ba. A wurin wankin bakin titi kuma, bokiti ɗaya na ruwan omo da soso ɗaya ne ke wanke taya ya koma ƙofa, ya kwashi jar ƙasar unguwanni irin su Lugbe da Karu ya zagaya da ita ko'ina a jikin motar. Sakamakon yana fitowa sarai a kan baƙar mota da tsakar rana, inda za a ga siraran layuka sun yi da'ira suna kewaye hasken rana. Ruwan rijiyar burtsatse da aka bari ya bushe a rana yana barin fararen ɗigo, kashin tsuntsu da ƙaron bishiya kuma suna iya cin kiliya cikin 'yan kwanaki idan ana zafi.

Kafin a je kowane shago, mai mota zai iya duba abubuwa uku da kansa bayan an wanke ta. Ya ja farce a hankali a kan karcen. Idan farcen ya maƙale, karcen ya yi zurfin da inji ba zai shafe shi ba, sai dai ya rage bayyanarsa. Ya zuba ruwa a wurin. Karcen da ya ɓace muddin yana jiƙe a cikin kiliya yake, kuma yana gyaruwa. Sannan ya dubi rufi da bonet da saman but. Idan akwai farin tabo mai kama da gajimare, ko kiliyar ta fara saɓulewa, to ta mutu, babu folish ko siramik da zai raya ta, aikin mai fenti ne. Duk wanda ya karɓi kuɗin bofin a kan irin wannan fenti zai ƙara faɗaɗa ɓarnar ne kawai.

Mafi arha cikin zaɓuɓɓukan shi ne wanki mai kyau da shafa wakis da hannu. Wakis na gargajiya ana yin sa da kakin wata bishiya mai kama da giginya da ke ƙasar Brazil, yana ƙara wa launi zurfi, yana cike ƙananan karce na ɗan lokaci, amma a zafin Abuja ba ya wuce makonni zuwa 'yan watanni kaɗan, omo kuma yana saurin wanke shi. Akwai na roba da aka haɗa a masana'anta wanda ya fi shi jurewa, yakan kai wajen wata shida. Wannan ya wadatar wa farar mota ko mai launin azurfa, domin waɗannan launuka suna ɓoye karce, kuma ba ya rage komai daga kiliya.

Sai folish mai mataki ɗaya, wanda shi nake ganin ya dace da mafi yawan motocin da ake hawa kullum. Ana wanke motar, a bi ta da wani yumɓu na musamman da ke tsince datti da ya manne a fenti, a rufe robobi da bakin gilashi da tef ɗin takarda, sannan a bi kowane sashe sau ɗaya da magani matsakaici da soso mai laushi. Yana ɗaukar sa'o'i da dama, yana cin maikron kaɗan ne kawai, kuma yana kawar da dushewa da mafi yawan siraran layukan wanki. Karce masu ɗan zurfi ba za su fita ba, kuma barin su shi ne daidai, domin bin kowane karce har ƙarshensa yana nufin sadaukar da kiliyar sashe guda saboda layi ɗaya.

Gyara mai mataki biyu ko uku ya fi wannan tsada nesa ba kusa ba. Ana farawa da magani mai kaushi da fefen ulu ko na maikrofaiba don yanke karcen, sannan a dawo da mai laushi don share sawun na farko, wani lokaci har a yi amfani da samfefa mai laushi da ruwa a wuraren da suka fi lalacewa. Aikin kwana ɗaya ne zuwa uku, kuma abin da yake fitarwa a kan baƙar mota yana da ban sha'awa matuƙa. Sai dai ba aiki ne da za a riƙa maimaitawa kowace shekara ba, kuma a nan ne batun motocin tokumbo ke shigowa. Da yawa daga cikin motocin da ke yawo a Abuja an sayo su ne a gwanjon motocin da suka yi hatsari a Amurka, aka gyara su, aka sake fesa wasu sassansu. Ƙwararren mai folish yana da ƙaramar na'urar auna kaurin fenti da yake ɗorawa a kan ƙarfe. Idan ƙofa ta nuna maikron 120, fenda ta nuna 300 ko fiye, an sake fesa fendar, idan kuma lambar ta yi sama sosai akwai fila a ƙasa, wato abin da ake cike lotsawar jikin mota da shi. Idan wani sashe ya nuna ƙasa da 80, alama ce ta cewa an taɓa cin sa da inji, kuma dole a bi shi a hankali. Shagon da ke tallar gyara mai matakai amma ba shi da wannan na'ura, lalube yake yi a kan dukiyar mutane. Masu sana'ar sun kuma lura cewa fentin motocin Japan irin su Toyota da Honda galibi ya fi laushi, na Jamus irin su Mercedes da Audi ya fi tauri, don haka magani ɗaya ba ya yi wa kowa daidai.

Irin injin ma abin tambaya ne. Rotari, wanda aka fi gani a hannun masu fenti a garejin Apo, yana juyawa ne a kan layi ɗaya, yana yanka da sauri, yana kuma tara zafi. A hannun gwani babu abin da ya fi shi saurin aiki. A hannun ɗan koyo yana iya ƙone fenti a bakin ƙofa ko kan layin bonet cikin daƙiƙu, domin fenti ya fi siranta a gefuna, kuma yakan bar wani sawu mai walƙiya da ba a gani sai an fita rana. Ɗayan shi ne inji mai juyi biyu, wanda yake juyawa yana kuma karkaɗawa a lokaci guda. Ya fi jinkiri, amma ba ya tara zafi wuri ɗaya, kuma shi ke fitar da gamawa mai tsabta. Shago mai kyau yakan mallaki duka biyun.

Wanda ke tunanin sayen injin don ya riƙa yi da kansa, mai juyi biyun ne nasa. Rupes na Italiya da Flex na Jamus da Makita na Japan suna cikin sanannun masu ƙera irin waɗannan injuna, magungunan kuma akwai na 3M da Meguiar's daga Amurka, da Menzerna da Sonax da Koch-Chemie daga Jamus. A kula da batun wuta: tamu ta Najeriya bolt 230 ce, injin da aka yi wa kasuwar Amurka kuwa na bolt 120 ne, kuma zai ƙone idan aka jona shi ba taransifoma. Ga mai mota ɗaya, idan aka haɗa kuɗin inji da soso da magunguna da tawul, da buƙatar rumfa marar ƙura, sau da yawa ba da aikin ya fi sauƙi.

Siramik da leda kariya ce da ake sawa bayan an gama gyara. Siramik ruwa ne mai ɗauke da sinadarin silika da ke bushewa ya zama siririn rufi mai tauri. Yana sa ruwa ya dunƙule ya gangara, ƙura ba ta kamawa sosai, wanki ya yi sauƙi, kuma mai kyau yakan yi shekara biyu ko fiye idan ana kula da shi. Amma ba ya shafe karce, rufe shi yake yi yadda ya same shi, shi ya sa yawancin kuɗin aikin siramik na gaskiya kuɗin folish ne da ake yi kafin a shafa. Lambar 9H da ake rubutawa a kwalba ma'aunin taurin fensir ne, ba ta nufin tsakuwa ko busasshen tsumma ba za su karce motar ba. Yana kuma buƙatar ɗaki mai tsabta, da kwana guda ba tare da ruwa ya taɓa shi ba, da kusan mako kafin wankin farko. Leda kuwa tana da kaurin maikron 150 zuwa 200, ita ce kaɗai ke tare tsakuwa, kuma ita ce mafi tsada. Ga mai yawan bin hanyar Kaduna ko Lokoja ko Keffi, ko mai tafiya bayan tifofin da ke ɗauko dutse daga Mpape, rufe bonet da bamba da murfin madubai ya fi ma'ana a kan rufe motar gaba ɗaya. Motar da aka sake wa fenti kuma sai ta jira wata ɗaya zuwa uku, gwargwadon abin da mai fentin ya faɗa, kafin a rufe ta da ɗayansu.

Ko a Wuse 2 shagon yake ko a Gwarinpa ko a Apo, hanya mafi inganci ta tantance shi ita ce a nemi gwaji. Mai mota ya ce, "Malam, raba mini bonet ɗin nan biyu da tef, ka yi gefe ɗaya in gani." Bayan ya gama, a nemi ya goge wurin da sifirit da aka sirka da ruwa, domin wasu magungunan suna ɗauke da mai da ke cike karce ya ɓoye shi, motar ta fita tana ƙyalli, bayan wanki biyu ko uku layukan su dawo. Sannan a haska tocilar waya a wurin, ko a fitar da motar rana. A dubi tawul ɗinsu ko masu tsabta ne, a dubi motar da suka gama ko akwai farin busasshen magani a cikin tsagin ƙofa da kan baƙaƙen robobi. Kada a karɓi mota da magariba ko a ƙarƙashin fitilun ado na shago, kuma kada a yarda a yi aikin a fili cikin rana, domin fenti mai zafi yana busar da magani, iska kuma tana jefa ƙura ƙarƙashin soson.

Zaɓin ƙarshe ya dogara da yadda za a riƙa wanke motar bayan an dawo da ita gida. Wanda zai tanadi sabulun mota, da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye soso, da tawul ɗin maikrofaiba, ya kuma sa a riƙa watsa ruwa a kore ƙura kafin hannu ya taɓa fenti, gyara mai matakai da siramik za su biya shi. Wanda motarsa za ta koma hannun busasshen tsumma, mataki ɗaya da wakis na roba ya ishe shi. Game da lokaci kuwa, ƙarshen damina a watan Oktoba ya dace da sa kariya kafin ƙura ta sauko, gyaran karce kuma ya fi kyau a bar shi zuwa Afrilu, lokacin da hunturu ya wuce.