Halawa, reza ko na'ura: wanne ya dace da fatarki?

A Faransa da Amurka cire gashin jiki ya zama babbar sana'a. Kamfanin cire gashi na European Wax Center ya fara a jihar Fulorida ta Amurka a 2004, yau rassansa sun kai ɗaruruwa, haka ma Body'Minute a Faransa. Mai jari yakan sayi izinin amfani da sunan kamfanin ya buɗe shago, kamfani ya horar da ma'aikata ya ba da kaya iri ɗaya. Hajarsu ta gaskiya ita ce tsabta, da tabbacin aikin yau ba zai bambanta da na wata mai zuwa ba. Wannan kuwa, 'yar'uwa, kina iya nemansa wajen mai gyaran jiki ta unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo a Maraɗi.

Reza ta fi arha, amma kwana biyu gashi ya tsiro, kuma gashinmu mai nannaɗewa yakan koma cikin fata ya haifar da ƙuraje, balle ga zufar bazara. Man cire gashi irin Veet narkar da shi yake yi daga sama. Ki gwada a ɗan wuri tukuna, kada ki wuce mintocin da aka rubuta a kwali.

Ni dai halawa nake zaɓa. Sukari ne da lemun tsami da ruwa, a dafa har ya yi danƙo, irin wadda ake yi wa amare tare da dilka. Daga saiwa take tumɓuke gashi, shi ya sa ake samun mako uku zuwa huɗu ana hutawa. Akwai zafi, ba zan ɓoye miki ba, kuma sai gashin ya kai kamar rabin santimita kafin ta kama. Kafin ki miƙa ƙafa ki duba da idonki: sabon curi aka ɗebo miki, ko wanda aka gama yi wa wata? An wanke hannu? An sauya zanen shimfiɗa? Idan kina shafa man bilicin ki faɗa tun farko, domin yana sa fata ta yi laushi, halawa na iya saɓule ta. Wurin al'aura kuwa a ɗakinki za ki yi da kanki, kada dai a haura kwana 40 da sunna ta iyakance.

Na'urar leza, mai cire gashi da haske, ita ce ke ruɗar mutane. Launin baƙi haskenta yake bi, don haka a baƙar fata yana iya ƙonawa ya bar tabo. Wadda ta fi dacewa da mu ita ce Nd:YAG, kuma sai an yi zama kamar shida zuwa takwas, gashin ma raguwa yake yi. Duk inda aka kasa gaya miki sunan na'urar da inda mai riƙe ta ya koyi aikin, ɗauki jakarki ki fita.