DVD mai ramin filash ko akwatin Android: wanne zai buɗe fina-finan da ke wayarka?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu ya yi tambaya jiya da daddare. DVD ɗinsa ta mutu, yana da fina-finai da karatun malamai da katun ɗin yara cike da filash da waya, ga kuma 'yan faya-fayan biki da ya adana. Ya sake sayen DVD mai ramin filash ne, ko ya koma ƙaramin akwatin nan na Android? Na ga wasu sun ce masa duk ɗaya ne, tunda kowanne an rubuta MP4 a kwalinsa. Malam, ba ɗaya ba ne, kuma wannan rubutu na jikin kwali ya sa mutane da yawa asarar kuɗinsu.

MP4 da MKV da AVI da kake gani a ƙarshen sunan fayil, buhu ne kawai. Buhun da aka rubuta sukari a jikinsa kana iya kwance shi ka tarar da gero. Abin da na'ura ke fama da shi shi ne hanyar da aka bi aka matse hoton da ke ciki. A farkon shekarun 2000, DivX da Xvid ne ke tashe, domin da su ake matse fim guda ya shiga faifan CD mai cin MB 700. A 2003 aka fito da H.264, wanda har yau shi ne mafi yawan abin da ke yawo a WhatsApp da Facebook da shagunan masu tura fina-finai. A 2013 kuma H.265 ya zo, ana kiransa HEVC, yana ba da hoto mai kyau iri ɗaya da kusan rabin nauyi. Shi ya sa masu tsimin data suka rungume shi. Duba sunayen fayilolinka, in ka ga x264 ko x265 ko HEVC, to ka san hatsin da ke buhunka.

Ita DVD an ƙera ƙwaƙwalwarta ne domin faifai, wanda ake matse hotonsa da MPEG-2, mai girman hoto 720 sau 576 a tsarin PAL da muke amfani da shi a Najeriya. Daga baya aka ƙara mata iya karanta DivX da Xvid, aka buɗe mata ramin filash. Idan kwalinta ya ce MP4 ko MPEG-4, galibi wannan tsohon tsarin yake nufi. Za ka sa filash, ta jero maka sunayen fina-finan tsaf, ranka ya yi fari. Kana dannawa sai ta ce ba ta gane fayil ɗin ba, ko murya ta fito allo ya tsaya baƙi ƙirin. Ko da Xvid ɗin ne ma, in faɗin hotonsa ya wuce 720, yawancinsu ba sa ɗauka. Bidiyon da ka ɗauka da wayarka ranar suna kuwa, kada ma ka sa rai.

Akwai kuma matsalar filash ɗin kansa. DVD da yawa tsarin FAT32 kaɗai suke karantawa, shi kuma ba ya karɓar fayil guda da ya kai GB 4. Filash mai GB 64 zuwa sama yawanci da exFAT yake zuwa daga kamfani, sai ka sa shi na'urar ta yi kamar ba a sa komai ba. Ana iya juya fina-finan zuwa AVI a kwamfuta da manhaja irin Format Factory, na kuma yi hakan a da. Aiki ne na wanda ba shi da abin yi: ka jira fim ya gama juyawa, hoton ya ragu, gobe yara su kawo sabon katun ka sake zama.

Akwatin Android ba ya jin wannan wahalar. Waya ce babu allo. Ko masu araha, irin masu ɗauke da ƙwaƙwalwar Amlogic S905, suna buɗe H.264 da H.265 ba tare da sarƙewa ba, suna karanta MKV, akasarinsu kuma suna ganin babban filash da ma'ajiyar hard disk ta waje. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a ɗaure kake da manhajar da ya zo da ita ba. Idan fim ya fito babu murya, wanda yakan faru in an matse sautin da AC3 ko DTS, sai ka sa manhajar kallon bidiyo irin VLC ko Kodi, magana ta ƙare. Rubutun fassara na ƙasan allo ma yana fita yadda ya kamata. Kuma ba dole sai da intanet ba. Ka sa manhajar sau ɗaya, daga nan filash ya ishe ka.

Wajen wuta, yawancin akwatunan nan volt 5 suke ci, kamar cajar waya, don haka mai ƙaramin sola ba zai ji nauyinsu ba. Ba su da mota mai juya faifai, ba su da idon da ke karantawa. Duk wanda ya riƙe DVD ta wuce hunturu biyu a Kano ko Sakkwato ya san yadda ƙura ke kashe idon nan, faifai ya riƙa tsalle ana tsakiyar kallo.

Amma kada in yi masa ado fiye da kima. Kasuwar akwatunan nan cike take da ƙarya. Za ka ga an rubuta 8K da ƙwaƙwalwa mai girman gaske a kwali, a ciki ko rabin haka babu. A 2023 masu binciken tsaron intanet sun gano cewa wasu marasa suna masu araha suna fitowa da manhajar ɓarna tun daga masana'anta. Saboda haka in ka sayi irinsu, kada ka shigar da imel ɗinka ko wani abu na banki. Rimot ɗinsu ma yakan rikita tsofaffi. DVD kuwa ko kaka ta san ta sa faifai ta danna maɓalli ɗaya, a nan kam ta fi shi.

Mai tambaya, ba ka faɗa mana irin talabijin ɗinka ba. In mai shafaffen allo ce, akwai HDMI, babu damuwa. In tsohuwa ce mai doro, wadda ake haɗawa da kebul mai kai uku, ja da fari da rawaya, ka tabbata akwatin yana da ramin AV, domin wasu, musamman 'yan siraran nan masu kama da filash, HDMI kaɗai gare su. Kafin ma ka fita kasuwa, gwada filash ɗin a bayan talabijin ɗin ko a risibar dish ɗinka. Sababbin risibobi da yawa suna buɗe H.264, wasu har H.265. Ta yiwu abin da kake nema yana ɗakinka.

Ni dai akwatin zan saya. Faya-fayan bikin nan su ne kaɗai hujjar DVD a wurinka, su kuma gara ka kai wa mai kwamfuta ya kwafe su zuwa filash tun ba su karce ba, ka ajiye kwafi biyu. Sai dai in kana da tarin faya-fayai cike da kwali waɗanda har yanzu ake kallo, to ka nemi DVD mai sauƙin kuɗi domin su kaɗai, kada ka biya ƙari saboda ramin filash.

Ranar da za ka je sayayya, ka zuba fayil uku a filash ɗinka: bidiyo ɗaya da ka ɗauka da wayarka, fim ɗaya mai x265 a sunansa, da mafi nauyin fim ɗin da kake da shi. Ka ce mai shago ya kunna su a gabanka, da naka filash ɗin, ba nasa ba. Ka tura kowanne gaba zuwa tsakiya, ka saurara ko murya na tafiya daidai da baki, sannan ka ciro kuɗi.