Fentin titi a jikin mota: yadda WD-40 da basilin suka fitar da ni

Idan fentin layin titi ya fantsamar maka a mota, kada ka bari kowa ya matso kusa da ita da tina (sinadarin tsinka fenti) ko soson ƙarfe, ko da ya rantse maka ya saba. Ni gwangwanin man feshi na WD-40 ɗaya da kwalbar basilin suka yi min aikin. Sai dai kowannensu da inda ya fi tasiri, kuma duk cikinsu babu na mai gaggawa.

A titin Zariya da ke Kano abin ya same ni, bayan magariba. An ja sabon farin layi, masu aikin sun kwashe kayansu sun tafi ba su bar wata alama ba, wani mai a-daidaita-sahu ya matso ni, tayoyin dama suka hau kan layin. Sai da gari ya waye na ga ɓarnar. Motar baƙar Corolla ce, don haka babu abin da ya ɓuya: tun daga bayan tayar gaba, ƙasan ƙofofi biyu, har gefen bambar baya, duk farin ɗigo-ɗigo. Can sama ƙanana ne kamar an barbaɗa gari, kusa da taya kuwa gudaji ne masu kauri da farce ke kamawa.

Wurin wankin mota na fara zuwa. Injin feshin ruwa ya ɗauke kaɗan, ragowar ko gezau, domin fentin ya riga ya kwana. Yaron da ke wankin ya ce, "Alhaji, a kawo fetur ko tina, yanzun nan sai ka ga kamar ba a yi ba." Wani da ke jiran a gama masa ya ce man birki ya fi. Man birki! Abin da idan ya ɗiga a bodi aka bar shi yake cinye fenti. Na ce su bar min ita haka, na wuce Ƙofar Ruwa wurin wani dattijo mai fenti da na daɗe da sani. Ya shafa wurin da bayan yatsa, ya ce, "Malam, fentin titin ba shi ne abin tsoro ba, hannun mai cire shi ne."

Bayaninsa ya shiga kaina. Fentin mota hawa-hawa ne: akwai na shimfiɗa a kan ƙarfe, sai mai launi, sai wani garai-garai a sama wanda shi ne ke ba da sheƙi. Wannan na saman kaurinsa bai cika wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, wato wajen rabin kaurin takardar rubutu. Tina ba ta bambance fentin titi da na mota, duka take narkarwa. Sannan fentin layi ba shi kaɗai yake zuwa ba. Ana watsa masa ƙananan ƙwayoyin gilashi tun yana ɗanye, su ne ke sa layi ya haska idan fitilar mota ta doke shi da dare. Dattijon ya ɓanɓaro guda ɗaya ya murza min a tafin hannu, sai na ji gurzar yashi-yashi. Duk wanda ya sa tsumma ya dirje wannan da ƙarfi a busashe, da gilashi yake karce motarsa.

Shi ya ce in nemi WD-40. Yawancinmu mun san shi a hannun makanikai, ana fesa wa kusar da ta yi tsatsa ko ƙofa mai ƙara. Tun 1953 aka haɗa shi a San Diego ta Amurka don korar danshi daga jikin ƙarfe, ba don cire fenti ba. Amfaninsa a nan shi ne yana da mai da sinadari mara zafi da ke ratsa gefen ɗigon ya sassauta kamun da ya yi wa bodi, ba tare da ya taɓa fentin kamfani da ya riga ya gasu ba. Na fara gwadawa a cikin bakin ƙofa inda ido ba ya kaiwa, na ga babu abin da ya canza, sannan na ajiye motar a inuwa na fesa. Inuwar nan dole ce. Ranar Kano idan ta buɗe, baƙin bodi har ƙona hannu yake, man ba zai zauna ya yi aikinsa ba. Na bar shi sa'a ɗaya zuwa biyu kamar yadda aka gaya min.

A kan ƙananan ɗigon nan ya burge ni ƙwarai. Da na ɗora tsumma mai laushi na ja a hankali, sai farin ya riƙa biyo tsumman. Abin lura kawai, a riƙa juya tsumman zuwa gefe mai tsabta duk ja ɗaya, saboda gilashin da ya kwaso. Ƙofar baya ta fita tas a zama ɗaya. Gudajin kusa da taya kuwa gefensu kawai ya yi laushi, tsakiyarsu na nan daram, kuma ban yi mamaki ba: ruwa ne mai tsinkewa, yana gangarewa daga jikin ƙofa kafin ya ratsa abu mai kauri.

Nan basilin ya shigo, shi ɗin dai da ake shafa wa yara a kaushi lokacin hunturu. Fa'idarsa ita ce yana zama inda aka ajiye shi. Na laƙa shi da kauri a kan kowane guda da yamma, na bar shi ya kwana. Wata dabara da dattijon ya ba ni, wadda duk mazaunin Kano zai gane dalilinta: a rufe wurin da leda a manne bakinta da salatif ɗin takarda. In ba haka ba, ƙurar garin nan za ta sauka a kan man, da safe ka tarar da kwaɓin mai da yashi, wanda shi ma karce zai yi. Da na yaye ledar, gudajin sun yi taushi. Na sa gefen tsohon katin ATM, na kwantar da shi sosai, na tura daga ƙasan gudan, sai ya ɗago gaba ɗaya kamar ɓawon dafaffen ƙwai. Waɗanda suka ƙi na sake laƙa musu na ƙyale su, ban yi musu dole ba. Reza ko wuƙa kada ma su zo maka a rai.

Idan aka ce in zaɓi ɗaya, basilin zan ɗauka. Ya fi araha nesa ba kusa ba, yana kowane shagon unguwa, kuma shi ya ci ƙarfin wurin da ya fi tayar min da hankali. WD-40 ya fi shi sauri da sauƙin sha'ani a wuri mai faɗi, domin ba za ka zauna kana bin ɗigo ɗari-ɗari da yatsa ba. Su biyun tare ne suka dace. A sayi WD-40 ɗin a shagon da aka yarda da shi, don kayan jabu ba su bar komai ba a kasuwa.

Bayan an gama akwai sauran aiki, kuma nan mutane ke sakaci. Dukansu mai ne, suna barin maiƙo, suna kuma tafiya da folish ɗin da ke kare fentin. Na sa an wanke gefen da sabulun mota har maiƙon ya fita. Da na shafa da hannu na ji ɗan kaushi-kaushi da ido ba ya gani, sai dattijon ya bi wurin da wata irin laka mai danƙo da masu gyaran fenti ke amfani da ita, yana fesa ruwan sabulu yana zamewa da ita a kai, sannan ya sa folish. Yanzu ko a hasken rana ba na iya nuna inda abin ya faru. A kiyaye kada feshin ya kai ga faifan birki ko fuskar taya. Baƙar robar da ke cikin ramin taya ita ce ban wahalar da kaina a kanta ba; robar tana da ƙurji-ƙurji, fentin ya shige ciki, na bar wa ruwa da tsakuwa su ci shi a hankali.

Ba kowane fenti ne zai ba da kai haka ba. Nawa irin na feshi ne. Akwai wanda ake narkarwa da wuta zuwa wajen digiri 200 a shimfiɗa shi da kauri, irin wanda kake jin tudunsa a ƙarƙashin taya. Shi cikin 'yan mintuna yake daskarewa, don haka bai cika fantsama ba, amma idan ya kama bodi ya zama tamkar roba mai tauri, gara a kai wa mai fenti. Akwai kuma fentin mai da ake shafa wa dakalin gefen titi da buroshi, musamman idan ana shirin tarbar babban baƙo. Shi idan an yi saurin kai masa tun bai bushe ba ya fi sauƙin fita.

Masu motar da aka taɓa yi wa sabon fenti, kuma a Kano su ne da yawa, su ninka hattara. Fentin gareji ba ya samun gashin da na kamfani ke samu, abin da wata motar ta jure sai ya dusashe wata. Gwajin cikin bakin ƙofa a wurinsu wajibi ne, kuma in fentin bai daɗe da yi ba, a koma wurin wanda ya fesa shi a tambaye shi kafin a shafa komai. Wanda kuma ya lura tun a hanya cewa ya taka ɗanyen layi, ya zarce wurin wanki nan take a sa masa injin ruwa, ba tare da soso ba; a sa'o'in farko ruwa kaɗai kan ɗauke mafi yawansa.