Laburaren kwamfaila: na haɗaka za ka ɗauka ko na cusawa?

Duk manhajar da aka rubuta da C ko C++ tana jingina da laburaren kwamfailarta, wato tarin ayyukan da aka riga aka rubuta waɗanda take kira yayin da take gudana. Kwamfaila ita ce manhajar da ke juya abin da aka rubuta zuwa fayil ɗin da kwamfuta ke gudanarwa. A Linux su ne libc.so.6 da libstdc++.so.6 da libgcc_s.so.1, a Windows kuwa vcruntime140.dll da msvcp140.dll da ucrtbase.dll. Mai shirin rarraba manhaja yana da zaɓi uku: na haɗaka, na cusawa cikin manhajar, ko ajiye kwafi a jakarta. Ni na haɗaka nake ba kowa shawara.

Na haɗaka shi ne kwafi ɗaya a cikin babbar manhaja, kowa ya ɗebo daga gare shi. Lambarsa sau ɗaya take hawa RAM ko manhajoji hamsin ke amfani da ita. Babban amfaninsa gyara ne. A Fabrairun 2016 aka bayyana ɓarakar tsaro a aikin getaddrinfo na glibc, laburaren C na Linux da libc.so.6 ke cikinsa, kuma sabunta fakiti ɗaya tare da sake kunna ayyuka ya toshe ta ga duk manhajojin da ke ɗebo daga nan. Sharaɗinsa ɗaya: sabuwar glibc tana ɗaukar tsohuwar manhaja, amma tsohuwa ba ta ɗaukar sabuwa. Wanda ya gina a sabon tsari ya kai tsoho zai ci karo da "GLIBC_2.34 not found". Maganinsa a gina a kan mafi tsufan tsarin da ake son tallafa wa, sannan a duba sigogin da ake buƙata da objdump -T. A Windows a yi amfani da /MD, zaɓin kwamfaila na laburaren haɗaka. Visual Studio 2015 da 2017 da 2019 da 2022 duk fakitin gudanarwa ɗaya suke rabawa, in dai sigar da aka girka ba ta gaza ta kwamfailar da aka yi ginin da ita ba.

Cusa laburare cikin manhaja da /MT ko -static ya dace da ƙaramin kayan aiki mai fayil ɗaya, iyakarsa ke nan. In aka cusa a Windows, kowane DLL, wato fayil ɗin laburare, sai ya riƙe nasa teburin fayiloli, fayil da aka buɗe a wannan aka rufe a wancan na iya kayar da manhajar. Ajiye kwafi a jakar manhaja, a Linux da alamar $ORIGIN mai nuna jakar, ma yana aiki, sai dai kowace ɓaraka ta zama taka ka bi ka gyara.

Inda mutane suka fi cutuwa shi ne lokacin da saƙo ya fito cewa vcruntime140.dll ya ɓace. Shafukan da ke ba da DLL ɗai-ɗai kyauta tarko ne, kada ka kusance su. Ba ka san wanda ya taɓa fayil ɗin ba, kuma da zarar ka jefa shi cikin System32 duk manhajar da ta kira shi za ta gudanar da abin da ke cikinsa da izinin da take da shi. Ko da fayil ɗin mai tsabta ne, ana yawan rikita mai bit 32 da mai bit 64, domin System32 na 64 ne, SysWOW64 kuma na 32, sunayen na ruɗarwa. Sakamakon shi ne kuskuren 0xc000007b. Ka sauko da vc_redist.x64.exe ko vc_redist.x86.exe daga shafin Microsoft kaɗai, ka buɗe bayanan fayil ɗin ka tabbatar sa hannun na Microsoft Corporation ne. Manhajojin da ke alkawarin gyara dukkan DLL da dannawa ɗaya ma tarko ne. A Linux, kada ka maye gurbin libc.so.6 da hannu, kusan kowane umarni zai daina tashi. Kuma kada ka gudanar da ldd, umarnin da ke lissafa laburaren da fayil ke buƙata, a kan fayil ɗin da ba ka yarda da shi ba, readelf -d zai nuna maka abin da yake buƙata ba tare da ya kunna shi ba.