Sharhi Kan Maganin Feshi Na Bt: Yana Da Jinkiri, Amma Ya San Ƙofar Shiga

Maganin da ake kira Bt gari ne da ake damawa da ruwa a fesa wa kabeji, tumatir da sauran kayan lambu domin kashe tsutsa, kuma abin da ke cikinsa bakteriya ce mai suna Bacillus thuringiensis, tare da wasu ƙananan ƙwayoyin furotin da take samarwa. Na yi amfani da nau'in kurstaki, wanda aka tanada domin tsutsotsin malam-buɗe-littafi da danginsa, a kan kabejin rani a fadama. Hukuncina shi ne cewa magani ne nagari, sai dai ba zai gamsar da manomin da ya saba ganin ƙwari na zubowa ƙasa tun bai sauke injin feshi daga bayansa ba.

Ba sabon abu ba ne. Wani masani ɗan Japan, Ishiwata Shigetane, ya gano bakteriyar a 1901 tana kashe tsutsar siliki, sannan Ernst Berliner ya sake samunta a 1911 a yankin Thuringia na Jamus, inda ta samo sunanta. An fara sayar da ita a matsayin magani a Faransa a 1938.

Dalilin jinkirin maganin yana cikin jikin tsutsar, domin ita ma tana da garkuwa, kuma garkuwar ba ta wasa ba ce. Ƙwaro ba ya ƙera irin sinadaran kariya da jikin mutum ke tanada bayan allurar rigakafi, amma yana da fata mai tauri da bakteriya ba ta iya hudawa, kuma a cikin hanjinsa akwai wata siririyar yana da ke raba abinci da bangon hanjin. Idan ƙwayar cuta ta samu ta shiga ruwan jikinsa, wanda yake matsayin jini a gare shi, sai wasu ƙwayoyin halitta masu yawo a ciki su haɗiye ta. Idan kuma bakteriyar ta yi yawa, sai su taru su lulluɓe ta su mayar da ita ɗan ƙulli, sannan su rufe ƙullin da wani baƙin sinadari mai guba da ake kira melanin. A daidai wannan lokaci, kitsen jikin ƙwaron yana zuba ƙananan furotin masu fasa bangon bakteriya. Hans Boman da abokan aikinsa a Suwidin ne suka fitar da na farko daga cikinsu, wato cecropin, a farkon shekarun 1980, kuma binciken da aka yi kan ƙudan 'ya'yan itace a ɗakin gwajin Jules Hoffmann da ke Strasbourg ta Faransa a 1996 ya nuna yadda jikin ke gane maƙiyi ya ba da umarnin kai hari, aikin da ya kai Hoffmann ga lambar Nobel a 2011.

To, Bt ba ya tunkarar wannan ganuwa ta gaba. Ta baki yake shiga. Dole sai tsutsar ta ci ganyen da aka fesa, sannan ruwan hanjinta, wanda yake da kaifi irin na kanwa, ya narkar da ƙwayoyin furotin ɗin, su manne a bangon hanji su hudhuda shi. Daga nan tsutsar ke daina cin abinci cikin 'yan sa'o'i, bakteriya kuma ta kwarara cikin ruwan jiki da yawan da ya fi ƙarfin masu tsaro, har ma tana fitar da wani sinadari da ke lalata cecropin ɗin kansa. Mutuwar takan zo bayan kwana biyu zuwa uku. Wanda ya buɗa ganyen kabeji washegarin feshi zai tarar da tsutsar tana nan da ranta, ta yi lamo a jikin jijiyar ganye, amma babu sabon huji kusa da ita, babu kuma ɗanyen kashinta kore. Bayan haka sai ta yi laushi, ta yi baƙi, ta rataya. A nan ne mutane da dama ke yanke hukunci da wuri cewa an sayar musu da jabu, alhali ɓarnar ta riga ta tsaya.

Wannan hanya tasa ita ce alherinsa. Cikin mutum da na dabba yana da tsami, kuma babu wuraren da furotin ɗin zai manne, don haka hatsarinsa ga mai feshi da mai cin ganye ƙanƙane ne idan aka kwatanta da magungunan da ke sa ciwon kai da jiri a tsakiyar gona. Ƙudan zuma, gizo-gizo da zanzaro masu farautar tsutsa suna ci gaba da harkarsu a lambun, abin da a ganina ya fi komai daraja a wannan magani.

Ita ce kuma kasawarsa. Ba ya taɓa darɓa ko farin ƙuda, domin tsotso suke yi, ba sa tauna ganye. Tsutsar da ta girma tana jure shi fiye da ƙarama, wadda kuwa ta riga ta nutse cikin ƙullin kabeji ko cikin ɗan tumatir ta tsira. Hasken rana yana kashe ƙarfinsa cikin kwanaki kaɗan, shi ya sa feshin la'asar sakaliya ya fi, kuma dole a maimaita yadda takardar jikin kwalin ta nuna, a kuma tabbatar ruwan ya kai bayan ganye inda ƙananan tsutsotsi ke fakewa. Ganyen kabeji yana da santsi, ruwa na gangarewa daga kansa, saboda haka sinadarin da ke sa magani ya manne yana da amfani. Tun da Bt abu ne mai rai, kwalin da ya daɗe cikin zafin shago ko rumfar kwano ba abin dogaro ba ne. A duba ranar ƙarewar aikinsa kafin a biya kuɗi.

Akwai kuma batun sabo. An tabbatar tun wajen 1990 a Hawaii cewa ƙaramar tsutsar kabeji ta fara jure Bt a gonakin da ake yawan fesa shi, kuma irin wannan juriya takan zo ne idan wuraren da furotin ke mannewa a hanji suka sauya. Hakan ya shafe mu kai tsaye, domin irin waken SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar a 2019 yana ɗauke da furotin na wannan bakteriya domin kare shi daga tsutsar da ke cin fure da kwanso. Shawarata ga mai lambun kabeji ko tumatir ita ce ya sayi maganin Bt, ya riƙa duba bayan ganye tun shuka tana ƙarama domin ya yi feshi da zarar ƙwai ya ƙyanƙyashe, ya kuma riƙa musanya shi da wani magani mai hanyar aiki dabam. Wanda tsutsa ta riga ta cinye masa rabin gona kuwa, ya nemi wani maganin, domin wannan ba zai cece shi ba.